Ramuwar Bappayo

"Tsaya! Bappayo, don girman Allah tsaya... mene ne wannan a hannunka?"

Murja ce a bakin zaure, da tiren abinci a hannu. Ta yi sallama bai ji ba, don hankalinsa duk yana kan tafin hannunsa. Ya zazzago ƙwayoyin magani sun cika tafin, ya ɗaga haɓa ke nan zai watsa su a baki.

Ya yi murmushi irin na mutumin da aka kama yana aikin lada.

"Ɓingel, kin tsorata ni. Maganina ne mana." Ɓingel yake ce mata, wato 'yar yarinya da Fulatanci.

"Na san maganinka ne. Irin nawa ne, ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Me ya sa da yawa haka?"

"Ramuwa zan yi."

Ta durƙusa ta ajiye tiren a kan tabarma, ba ta ɗauke ido daga hannunsa ba.

"Ramuwa...?"

"Eh mana. Na kwanakin da muka yi a hanyar Kudu. Ban samu sha ba, to ga su nan na tara, ko ɗaya bai ɓata ba. Kullum haka nake yi in mun dawo."

"Kullum? Tun yaushe?"

Ya sunkuyar da kai.

"Tun da aka sa mana rana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un..."

Ta kama hannun nasa ta juye ƙwayoyin a gefen mayafinta. Tunda suke ba ta taɓa riƙe masa hannu ba sai ranar. Shi ma daga nan ya gane ba wasa take yi ba.

Murja 'yar Alhaji Kashim ce, Babarbare falken shanu, wanda iyayensa suka taso daga Borno suka zauna a Azare tun yana goye. Ta taɓa aure, auren so da ƙauna, bai yi nisa ba mijin ya kwanta ciwo ya rasu. Wajen jinyarsa ne aka gwada ta, aka ce tana ɗauke da cutar nan mai karya garkuwar jiki. Ta yi kuka har ta gaji. Da ta gaji sai ta rungumi maganinta, ƙwaya ɗaya kullum bayan sallar magariba, ta koma ɗinkin hularta da haɗa turaren wuta. Ta yi kyau, ta murje, wanda bai sani ba ba zai taɓa sani ba.

Shi kuwa Bappayo Bafulatani ne daga wata ruga a ƙasar Shira, shi ke zaɓar wa Alhaji shanu a kara, wato kasuwar shanu. In ya kalli bijimi sau ɗaya ya gaya maka abin da ke damunsa. Wata rana suka yi kiciɓis a kan bencin asibiti inda ake karɓar magani. Ya ja hula ya rufe goshi, ta ja hijabi ta rufe hanci, amma ina, an riga an ga juna.

"Ɗan Fillo, kai ma layin nan ne?"

"A'a, ni rakiya na yo."

"Rakiyar wa?"

"Rakiyar kaina."

Dariyar da suka yi a wurin ita ce mafarin komai. Da magana ta je gaban manya Alhaji bai ja ba. Gwajinsu duka biyu ya nuna cutar a kwance take, ta kwanta har na'ura ba ta ganinta. Aka sa rana bayan Babbar Salla, in hada-hadar dabbobi ta lafa.

To a nan gizo ya fara saƙa a inda ba wanda ya duba.

Da can, tsakanin Alhaji da Bappayo wasan Barebari da Fulani ne zalla. Kwano ɗaya suke ci a hanya. Alhaji ya ce masa bawana, shi kuma ya ce ai tsagen fuskar Alhaji shaidar Fulani ce da suka yi wa kayansu kada ya ɓace. Amma ranar da aka karɓi goron sa rana, ranar Bappayo ya haɗiye wasan. Alhaji ya zama suruki. Ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi, balle a ce ya sa wani abu a baki a gabansa. Ko ruwa.

"Gaya mini gaskiya," in ji Murja. "Me ya hana ka sha a hanya?"

"Ɓingel, kin san kan tirela. Direba, sai ni, sai Baba. Kafaɗata na gugar kafaɗarsa. Magariba ta yi, mu tsaya mu yi salla sahu ɗaya, mu koma mota. Ta ina zan ɗaga gora in kafa kai a gabansa? Ni? Gara ƙasa ta tsage in shige."

"To in kun sauka cin abinci fa? Ba ka zagaya bayan mota?"

"Ina zagayawa. Amma lokacin ya riga ya wuce. A asibiti cewa aka yi kada a saɓa lokaci. Abin da lokacinsa ya fita kuwa ai sai ramuwa, ko ba haka malamai suka koya mana ba? Salla ma ana ramawa. Azumi ma ana ramawa."

Ya faɗi haka da zuciya ɗaya, yana kallonta yana jiran ta yaba masa.

Hawaye suka zubo mata.

"Wayyo Bappayo... wayyo masoyina... ka kashe mu!"

Washegari da hantsi suna gaban Sista Kaltum, ma'aikaciyar da ke ba su magani tun farko. Mace ce mai faɗa da dariya a haɗe. Amma da ta ji labarin ramuwa ba ta yi ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta ajiye.

"Malam Bappayo, kai mai shanu ne ko?"

"Eh, ranki ya daɗe."

"In mutum ya yi wa garkensa feshin kaska, yau ya yi, gobe ya bari, jibi ya tsinka maganin da ruwa, me ke faruwa?"

"Ai kaskar sabawa take yi. Daga baya ko ka yi mata wanka da maganin, tana nan maƙale tana kallonka."

"To in ya dawo ya juye mata galan guda rana ɗaya fa?"

"Sai dai ya kashe saniyar, kaska kuwa..."

Bai ƙarasa ba. Bakinsa ya tsaya a buɗe.

"Ka ba kanka amsa," in ji Sista Kaltum. "Ita wannan cuta ba ta karɓar ramuwa. Duk ranar da ba ka sha ba, tashi take yi ta hayayyafa, a cikin 'ya'yan kuma akan sami masu taurin kai da maganin ba ya ji musu. Wanda ka tara ka sha a lokaci ɗaya kuwa ƙodarka kake azabtarwa a banza. Da ka sha a makare, ai ya fi ka bari. In lokaci ya wuce ka tuna, sha kake yi, ba tarawa ba."

"Sista..." Murja ta matso da kujera. "Ta saba da maganin ke nan?"

"Ban sani ba tukuna. Jini ne zai faɗa. Za mu ɗiba mu aika, sai ku jira."

Jira!

Wanda bai taɓa jiran sakamakon jini ba bai san tsawon yini ba. Murja ta ɗauki hula za ta yi ɗinki, allura ta soke ta. Ta ɗora turare a wuta ta manta har ya ƙone. In waya ta yi ƙara gabanta ya faɗi, in ba ta yi ƙara ba ma gabanta ya faɗi. Ta fara lura da abin da a da ba ta lura ba: wuyan rigar Bappayo ya yi masa yawa, ga wani ɗan tari da yake ɓoyewa a cikin gyaran murya.

Shi kuma abu ɗaya ya roƙe ta.

"Kada Baba ya ji. Na haɗa ki da Allah, Ɓingel. A ce masa don shi na bar magani? Da wane ido zan dube shi?"

"Da wane ido kake dubansa yanzu? Ai ba ka dubansa!"

"Murja..."

"Na ji. Na yi shiru. Amma wallahi shirun nan ciwo yake mini."

Sai dai akwai wanda bai yi alkawarin shiru ba.

Sherif ɗan ƙanen Alhaji ne, shi ma da shi ake tafiyar Kudu. Irin mutanen nan ne da za su gaishe ka da hannu biyu suna auna nauyin aljihunka. Kafin Bappayo ya zo, shi ne na hannun daman Alhaji, kuma ya daɗe da lissafin cewa wanda ya auri Murja shi zai gaji harkar, tunda Alhaji ba shi da ɗa namiji. Ya san halin da su biyun ke ciki, ɗan gida ne. Da ya ga sun fara zaryar asibiti ba ranar karɓar magani ba, sai ya wanke ƙafa ya shiga wurin Hajiya Gumsu, mahaifiyar Murja.

Murja na ɗaki tana jin su ta taga.

"Hajiya, ni ba na son kawo magana. Amma jini ɗaya muke da Murja, in na yi shiru Allah zai tambaye ni."

"Faɗi mana, Sherif, kana tsinka mini zuciya."

"Yaron nan ya bar shan magani. Tafiya nawa muka yi, idona a kansa, ko sau ɗaya ban ga ya sha ba. Na ji an ce ma sassaƙe ya koma sha a rugarsu. Ki dubi yadda ya zube. In aka ɗaura auren nan, abin da ke jikinsa ya tashi, kan wa zai faɗa?"

Hajiya ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Yarinyar da na samu ta miƙe da ƙyar?"

"Ni dai in ana neman mai rufa asiri, ina nan. Na ji, na gani, ina so a haka."

Murja ta fito kamar an jefo ta.

"Ya Sherif, sannu da rufin asiri."

"A'a, ƙanwata, ashe kina ciki..."

"Ina ciki. Ina da tambaya. Da can wa ke zama kusa da Baba a kan mota?"

"Ni ne mana."

"To yaushe ka koma kujerar baya?"

"Ai... girmamawa ce. Na ce suruki ya fi cancanta ya zauna kusa da Alhaji."

"Kai da ko kujerar masallaci ba ka bar wa tsoho? A Azare aka haife ka, cikin Fulani ka girma, ka fi kowa sanin Bafulatani ba ya shan ruwa a gaban surukinsa. Ka zaunar da shi a wurin, ka koma baya kana ƙirga masa!"

"Hajiya, kin ji sharri ko? Daga yin alheri?"

"Ke Murja, rufe mini baki!" Hajiya ta daka mata tsawa. "Ko wa ya zaunar da shi, ya sha ko bai sha ba?"

Murja ta kawar da kai.

"Ina tambayarki!"

"Bai sha ba..."

"To magana ta ƙare. Na binne suruki ɗaya, ba zan binne 'yata ba. Alhaji na dawowa daga garin Yana za a mayar musu da kayansu."

Ana cikin wannan Sista Kaltum ta kira. Ba ta faɗi komai a waya ba, ta ce dai su zo tare. Murja ta san in labari mai daɗi ne ba a cewa a zo tare.

"Ta tashi," in ji Sista Kaltum. "Ta tashi sosai."

Bappayo ya runtse ido.

"Yanzu abin da za a yi, za ka sha maganin nan kullum, ba fashi ko na rana ɗaya, na wasu watanni, sannan mu sake gwadawa. In ta koma ta kwanta, mun gode Allah. In ba ta kwanta ba, ta saba da shi ke nan, sai mu canza maka wani. Amma ka ji da kyau: magungunan ba su da yawa kamar shanun kara, da za ka ce in wannan bai yi ba a kawo wancan. In ka ƙona na biyu yadda ka yi wa na farko, hanyar da ta rage ƙunci gare ta."

"Ita fa?" ya tambaya a hankali, bai kalli Murja ba. "In mun yi aure a haka?"

"Tana iya ɗaukar irin taka mai taurin kai. Nata maganin da take sha lafiya lau, ya zo ya daina yi mata aiki."

A ƙarƙashin wata bishiyar maina a harabar asibitin suka tsaya. Ya daɗe yana murza hularsa a hannu, hular da ita ta ɗinka masa.

"Ɓingel... Hajiya ta yi gaskiya. Ki bar ni in koma ruga."

"Ka koma ruga ka yi me?"

"In yi jinyar kaina. Ke kuma Allah ya ba ki wanda..."

"Kada ka ƙarasa! Wallahi kada ka ƙarasa!" Ta share hawaye da bayan hannu. "Kana tsammani wannan ma ba kunyar ba ce? Kunya ta hana ka shan magani, yanzu kunya za ta kore ka daga gari. Ni ba gawa mai kunya nake so ba, Bappayo. Miji nake so, mai rai, wanda zai tsufa yana ba ni haushi!"

"To ya kike so in yi, hasken idona?"

"Yau Baba zai dawo. Ka zo da magariba, da maganinka a aljihu. Ka sha a gabansa."

Ya ja da baya kamar ta nuna masa maciji.

"A gaban Baba?"

"A gabansa, yana kallo. In ka iya, zan jira ka ko shekara nawa ne, ko duk gidanmu za su juya mini baya. In ba ka iya ba, ni da kaina zan ɗauko kayan in kai muku har Shira. Don in ba ka iya yau ba, gobe a hanya ma ba za ka iya ba."

Ta juya ta tafi, ba ta waiwaya ba. Da ta waiwaya da ya ga yadda take kuka.

Da aka idar da sallar magariba Alhaji Kashim ya zauna a tsakar gida a kan buzunsa. Hajiya ta riga ta gaya masa nata, Sherif na gefe yana ta jan carbi. An fito da akwatin sa rana an ajiye a bakin ɗaki. Murja na zaune a bayan mahaifiyarta, kunnenta na ƙofar gida.

Shiru.

Aka fara haɗa tabarmin masallacin ƙofar gida. Shiru.

"Kin gani ko?" in ji Hajiya. "Ko zuwa ba zai yi ba."

Sai ga sallama, can ƙasa-ƙasa, kamar ta mai neman bashi. Bappayo ya shigo ya tsuguna nesa, kusa da turken awaki, kansa a ƙasa.

"An ce ka bar shan magani," in ji Alhaji. Babu wasa a muryarsa. "Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"An ce sassaƙe ka koma."

"Wannan ba a yi ba."

"To me ya hana ka?"

Bappayo ya ƙara sunkuyar da kai. Gumi ya tsattsafo masa a goshi. Murja ta ga zai nutse a wurin, sai ta manta da alkawari.

"Baba, kai ne!"

"Ke!" in ji Hajiya.

"Ku gafarce ni, amma kai ne, Baba. Ba ya iya shan ruwa a gabanka. Lokacin maganinsa a mota yake riskarsa, kana gefensa. Sai ya tara, in kun dawo ya sha gaba ɗaya, wai ramuwa yake yi kamar azumi!"

Alhaji ya dubi Bappayo. Ya cire hula ya shafa kai, ya mayar.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ni kuwa ina gani. Ina ganin yaron nan leɓensa ya bushe a hanya, in miƙa masa gora ya ce ya ƙoshi. Har alfahari nake yi a kara, ina cewa ku zo ku ga surukin da na samu, kunya kamar amarya. Ashe ina zaune a kan ransa ina taƙama."

Ya juya ya dubi ɗan ƙanensa.

"Sherif, kai da idonka ke kansa tafiya bayan tafiya, me ya hana ka gaya mini tun a ta farko?"

"Baba, ai... ina tattara hujja ne."

"Ka tattara. Daga gobe kai da shanu a bodi, ka ci gaba da tattarawa a can."

Carbin Sherif ya tsaya cak.

"Murja, kawo ruwa."

Ta kawo a kwanon sha. Alhaji ya karɓa da kansa, ya tashi, ya taka har inda Bappayo yake tsugune, ya tsaya a kansa.

"Fito da shi."

Bappayo ya zaro ƙwaya ɗaya daga aljihu. Ya karɓi kwanon. Ya ɗaga shi ya kai rabi... hannun ya tsaya. Ya fara juya jiki zai ba Alhaji baya.

Murja ta toshe baki da mayafi. Zuciyarta kamar ta faso ƙirji.

"Kai, ɗan Fillo!" Alhaji ya daka masa tsawa. "Ina za ka juya? Tun yaushe bawa ya fara jin kunyar ubangidansa? Kafin ka zama surukina bawana ne kai, kakanka ma kakana ne ya saye shi da ƙwaryar gero, aka ba shi canji! Don na ba ka 'yata sadaka sai ka ɗauka ka 'yantu? Sha, in gani!"

Wata dariya ta kuɓuce wa Bappayo, da hawaye a cikinta. Ya ɗago kai. Rabonsa da kallon fuskar Alhaji tun ranar goro.

"Ranka ya daɗe... ai Babarbare bai taɓa mallakar ƙwaryar gero tasa ta kansa ba."

"Ka ji ɗan banza! To sha!"

Ya jefa ƙwayar a baki, ya kafa kai, ya shanye ruwan tas, maƙogwaronsa na motsi a gaban surukinsa da surukarsa da duk wanda ke tsakar gidan.

Murja ta fashe da kuka.

Hajiya Gumsu ta kawar da kai tana gyara ɗaurin ɗankwali. Can ta ce, "A mayar da akwatin nan ɗaki. Amma ni dai ba a ɗaura komai ba sai na ji daga bakin Kaltum cewa abin nan ya kwanta."

"Wannan kuma gaskiyarki ce," in ji Alhaji.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya warware. Babbar Salla ta zo ta wuce, ba a yi biki ba, 'yan unguwa suka samu abin taunawa. Bappayo bai sake fashi ba ko sau ɗaya, amma da aka sake gwaji cutar na nan a tsaye. Ta riga ta saba. Maganin farko ya tafi ke nan, ba zai dawo ba, duk nadamar duniya ba ta dawo da shi ba.

Aka ɗora shi a kan na biyu. Wannan ya fi wancan yawa, ya fi shi wahala, farkonsa har cikinsa ya riƙa juyawa. Ya kira Murja daga hanya.

"Ɓingel, anya wannan zai karɓe ni?"

"Ka sha na yau?"

"Na sha. Baba ne ma ya miƙo mini gorar."

"To zai karɓe ka. In sha Allahu zai karɓe ka, masoyina."

Tana kashe wayar ta kifa kai a gwiwa, don ita ma ba ta da tabbas. In wannan ya ƙi fa? Tambayar da take kwana da ita ke nan take tashi da ita, har damina ta sauka aka yi girbi.

Ranar da Sista Kaltum ta sake kira, Murja na tsakar gida tana tankaɗe. Ta ga sunan a waya ta kasa ɗauka. Hajiya ce ta fizge ta kara a kunne.

"Kaltum, Gumsu ce. Kada ki ce mini mu zo tare, faɗa mini a nan!"

"Hajiya, ba ke zan gaya wa ba, sakamakon mai shi ne. Ga shi nan a gabana, shi ya ce in kira. Karɓi, Malam Bappayo."

Sai ga muryar Bappayo, yana magana da surukarsa kai tsaye karo na farko.

"Hajiya... ta kwanta."

Guɗar da Hajiya Gumsu ta rangaɗa sai da awaki suka tsinke igiya.

An ɗaura aure ranar wata Juma'a a ƙofar gidan Alhaji Kashim. Fulanin Shira suka zo da ƙoren nono, Barebari suka tare su da tsiya, aka yi ta musayar baƙar magana ana dariya har la'asar. Sherif ma ya zo, shi aka ba rabon goro.

Da magariba ta yi, an kai amarya, gida cike da mata da ƙamshin turaren wuta, sai wayar ango ta yi ƙara a tsakiyar abokansa. Ya duba, ya miƙe tsaye da sauri kamar mai kiran na ganinsa.

"Ranka ya daɗe."

"Kai bawana," in ji Alhaji, "angonci ba ya ɗauke maka. Ka sha?"

Bappayo ya leƙa ta ƙofar ɗaki. Murja na zaune a bakin gado cikin lafaya, ta ɗan ɗaga mayafi. A gabanta kofi biyu ne na ruwa, nata maganin a tafin dama, nasa a tafin hagu, tana jiransa.

"Yanzu zan sha, Baba," ya ce. "A kan lokaci."